Wane Ne Yaro a Abuja?



Ranar Juma'a 1 ga Nuwamba 2024 aka gurfanar da mutum 76 a gaban Babbar Kotun Tarayya da ke nan Abuja, ana tuhumarsu da laifuffukan da suka haɗa da cin amanar ƙasa, saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da aka yi a farkon watan Agusta. Daga Arewa aka kamo su, kuma sun yi kusan wata uku a tsare. Duk wanda ya ga hotunan ranar ba zai manta ba: da yawansu yara ne a ido, ƙasusuwan wuya a waje, riguna sun yi musu yawa, wasu daga cikinsu suka yanke jiki suka faɗi tun kafin a gama karanta tuhuma. Kotu ta ba da belin kowane ɗaya a kan naira miliyan 10. Da aka fito, lauyan masu gabatar da ƙara ya shaida wa 'yan jarida cewa waɗannan ba yara ba ne, manya ne, wasu ma da matansu na aure. Ƙasa ta ɗauki zafi. Ranar 4 ga wata Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su, washegari kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya karɓe su a fadar gwamnati, ya damƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna.

Ranar Juma'a manya ne masu neman kifar da gwamnati, ranar Talata sun zama yaran da ake lallashi. Tsawonsu bai ƙaru ba, bai ragu ba. Sunan da hukuma ta kira su da shi ne ya sauya, kuma a kan wannan suna 'yancinsu ya rataya. Akwai abin lura a hujjar lauyan ma: bai fito da takardar haihuwar kowa ba, aure ya ambata, wato ma'aunin da kakannin waɗannan yara suka sani, aka ɗauko shi aka shigo da shi harabar kotun da ke aiki da ma'aunin shekaru.

Wannan shi ne abin da masana zamantakewa ke nufi idan suka ce yarinta da samartaka ginin al'umma ne. Ba su musun cewa jariri sai ya yi rarrafe yake tafiya, ko cewa murya na buɗewa, gemu na tsirowa. Wannan halitta ce, haka take a ko'ina. Amma ranar da za a ce wa mutum ya isa aiki, ya isa aure, ya isa a ɗaure shi, ya isa ya yi magana a gaban manya a saurare shi, mutane ne ke sa ta, kuma kowace al'umma da tata.

Masanin tarihin nan na Faransa, Philippe Ariès, shi ya tayar da wannan ƙura a 1960, da ya rubuta cewa a Turai ta dā yaro na kai shekara bakwai sai ya shige cikin manya, ya sa irin tufafinsu, ya yi irin aikinsu. Wasu masana, irin su Linda Pollock a 1983, sun mayar masa da martani da hujjojin da ke nuna iyayen wancan zamani ma sun san yaro yaro ne, suna ƙaunarsa, suna kuka idan ya mutu. Sun yi gaskiya. Sai dai tushen maganarsa bai rushe ba. A Ingila sai a 1833 doka ta hana sa yaron da bai kai shekara 9 ba aiki a masaƙu, sai a 1880 aka wajabta karatun firamare. Masaniyar zamantakewa Viviana Zelizer ta nuna a 1985 yadda a Amurka, tsakanin 1870 da 1930, yaro ya tashi daga mai kawo kuɗi gida ya koma wanda ake kashe wa kuɗi ba a jiran komai daga gare shi. Yarintar da ake gani a talabijin yau, ta jakar makaranta da kayan wasa da bikin zagayowar ranar haihuwa, ba ta fi shekara ɗari da 'yan kai ba ko a can inda ta samo asali, kuma arziki ne ya haife ta.

Ƙasar Hausa tana da nata tsani, kuma ba da kalanda ake hawansa ba. Ana raɗa suna, a yi yaye wajen shekara biyu, sau da yawa a kai yaron gidan kaka. Namiji wanzami ya yi masa kaciya da sanyi, yana wajen shekara bakwai, daga nan ya fara janyewa daga cikin mata, ya kama allo, ya bi uba gona ko rumfa. Abin da manya ke dubawa shi ne hankali: ya yi hankali ko bai yi ba? Shi ya sa ake cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka, a yafe masa abin da ba za a yafe wa yayansa ba. Saurayi yana noma a gandun ubansa, a yanka masa gayauna ya noma abin kansa, yana ƙarƙashin sarkin samari idan an kira gayya. A zamanin En'e mai unguwa ne ke duban saurayi ya ce ya isa shiga takardar haraji, har zuwa 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke harajin. Amma ƙofar girma ta gaskiya aure ce. Ɗan shekara ashirin mai mata magidanci ne, ana ba shi wuri a zaure. Ɗan shekara arba'in da bai taɓa aure ba tuzuru ne, maganarsa ba ta da nauyi. A al'adar Kano, idan azumi ya yi nisa, Nalako sarkin gwagware kan fita farautar gwagware ana yi musu tashe, raha ce a fuska, amma kowa ya san saƙon da ke ciki.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne alkawari mai ɓangare biyu. Ɗa ya ba da ƙarfinsa a gandu, uba kuma ya yi masa auren fari, ya ba shi ɗaki, ya ba shi gona. Wanda ya yi biyayya ya san ranar da za a sallame shi.

Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta gano wani abu da masu kallon talla daga nesa ba sa gani. Matan kulle suna sana'a sosai, suna dafa abinci, suna ƙulla kayan miya, suna ɗinki, suna adashi, amma ƙafarsu yara ce. Yaro ne ke kai talla, ya yi cefane, ya karɓo bashi, ya kai saƙon suna da biki, ya kawo labarin unguwa. Yaro na shiga kowane gida ba sallamar da za ta tsayar da shi a zaure, 'yancin da babban namiji ba shi da shi. Ribar tallar yarinya kuwa da ita ake tara kayan ɗakinta. Saboda haka da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin firamare kyauta ga kowa a 1976, ba jahilci kaɗai ya sa wasu iyaye suka ja baya ba. An zo ɗaukar ma'aikacin gidan ne ba a kawo madadinsa ba.

Kada wannan ya sa a ɗauka zamanin dā aljanna ce. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, tana wajen shekara goma sha huɗu aka aurar da ita ga wanda ba shi take so ba. Ga 'ya mace tsanin gajere ne ƙwarai: daga wasan gaɗa a dandali zuwa ɗakin miji, ba wani zango a tsakani. Asibitin Babbar Ruga da ke Katsina, inda aka shafe shekaru ana ɗinke matan da suka kamu da yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, yana cike da shaidar abin da ke faruwa idan haihuwar wuri ta haɗu da talauci da rashin asibiti kusa.

Shari'ar Musulunci ma, wadda ake yawan jingina da ita a wannan muhawara, ta fi yadda ake ambatonta zurfi. Ana umartar yaro da salla yana shekara bakwai, a matsa masa yana goma, amma alƙalami ba ya hawa kansa sai ya balaga. Idan alamomin balaga ba su bayyana ba, mashahurin zance a mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a nan, shi ne a jira shekara 18, Shafi'iyya kuma suka ce 15. Bayan balagar ma akwai wani mataki: ba a miƙa wa maraya dukiyarsa sai an jarraba shi an ga ya san yadda zai riƙe ta, abin da malamai ke kira rushdu. Malaman fiƙihu tun ƙarnoni da suka wuce sun raba girman jiki da girman hankali. Masu yanke hukunci da kallon ƙirjin yarinya ko gashin bakin yaro sun tsaya ne a rabin karatun.

Sai ga zamanin takarda ya zo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara a 1989, Najeriya ta tabbatar da ita a 1991, Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka a 2003. Dokar ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne. Ta hana aurar da shi, ta hana sa shi bara ko talla a manyan titunan birni, ta ce idan ya yi laifi kotun iyali ce za ta duba lamarinsa, ba a bi da shi ta hanyar da ake bi da manyan masu laifi. Jihohi da dama, musamman na Arewa, sun ɗauki shekaru kafin su yi tasu, wasu da gyare-gyare. Abuja ba ta da wannan uzuri, domin Majalisar Tarayya ce ke yi mata doka, saboda haka tun ranar farko dokar ke aiki a nan.

Duk da haka littattafan dokar ƙasar ba su yi magana da baki ɗaya ba. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda shi ake amfani da shi a Abuja, ya ce wanda bai kai 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa 12 kuma sai an duba ko ya san abin da yake yi. Dokar ƙwadago ta sa iyakarta a 12, tare da barin ƙofa ga ƙaramin aikin gida da na gona a hannun dangi. Ƙuri'a da lasisin tuƙi sai 18. Sashe na 29 na tsarin mulkin 1999, a inda yake magana kan ajiye zama ɗan ƙasa, ya ce cikar mutum 18 ce, sannan ya ƙara da cewa duk macen da ke da aure ana ɗaukarta ta cika. Wannan ƙaramin sakin layi shi ya raba Majalisar Dattawa a Yulin 2013, lokacin da Sanata Ahmad Sani Yariman Bakura ya tsaya a kan kada a cire shi, kuma ba a cire ba. A 2024 ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sai ɗan 18 zai shiga jami'a, kafin shekara ta ƙare wanda ya gaje shi, Tunji Alausa, ya mayar da ita 16. Dubban ɗalibai sun zama ƙanana sun kuma zama isassu a cikin 'yan watanni, suna zaune a aji ɗaya.

Kuma duk waɗannan lambobi suna buƙatar a san ranar haihuwa, alhali binciken ƙasa na 2021 ya nuna yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka yi wa rajistar haihuwa ba su kai 60 cikin 100 ba, a karkara kuma abin ya fi haka muni. Wanda ba shi da takarda sai ya tafi kotu ya yi rantsuwar shekaru, ya zaɓi wadda ta dace da buƙatarsa. Ma'aikaci ya rage domin ritaya ta yi nisa, mai neman aikin soja ya rage, ɗan ƙwallo ya rage. A 2009, da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, wadda aka buga wasanta na ƙarshe a babban filin wasa na Abuja, sai da hukumar FIFA ta kawo na'urar ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu, aka kuma sallami 'yan wasan Najeriya da dama tun kafin a fara. Mai hali yana juya shekarunsa yadda za su amfane shi. Marar hali kuwa wani ne ke yanka masa shekaru, yawanci ɗan sanda, kuma da ido.

Babu inda wannan ya fi fitowa fili kamar Abuja, birnin da aka zana a takarda a 1976 aka tare a cikinsa a Disambar 1991. A Maitama ko Asokoro ɗan shekara goma sha shida yaro ne cikakke. Direba ke kai shi makaranta, ba a barinsa ya tsallaka titi shi kaɗai, idan ya yi laifi a ce ƙuruciya ce. A bayan gidan, a ɗakin masu aiki, akwai yarinyar da ba ta kai shi ba, an kawo ta daga ƙauye ta hannun wata dillaliya, ita ke tashi da asuba ta haɗa masa abin karyawa, ita ke goyon ƙaninsa. Ba wanda ke cewa ta yi ƙanƙanta. A danjar Wuse da Garki sa'anninsa na bin motoci da ruwan leda da goro. A Dei-Dei suna dakon siminti, a Mpape suna fasa dutse, a Nyanya da Karu suna tura kurar ruwa, wasu na yawo da buhu suna tsintar ƙarfe da roba. Da yawansu ci-rani suka zo, wasu kuma rashin tsaro ne ya koro su daga Zamfara da Katsina da Borno. Suna biyan kuɗin wurin kwana, suna aika kuɗi gida ta waya. Nauyin manya ne a kansu, ba tare da ko ɗaya daga cikin haƙƙoƙin manya ba.

Idan hukuma ta waiwaye su, da motar kame take zuwa. A Oktobar 2024 ministan Abuja Nyesom Wike ya shelanta korar mabarata daga tituna, a Janairun 2025 aka haramta wa 'yan bola jari yawo a cikin gari saboda satar ƙarafan gwamnati. Satar gaskiya ce, murafun magudanan ruwa na ɓacewa a manyan tituna, kuma dole a hana. Amma dokar 2003 ta ɗauki yaron da ke bara a matsayin wanda aka yi wa laifi, wanda za a nemi uban da ya sake shi da wanda ke cin guminsa. A aikace shi ake kamawa. Hannah Hoechner, wadda ta zauna da almajirai a Kano har suka shirya fim ɗin Duniya Juyi Juyi da kansu, ta nuna cewa waɗannan yara suna sane da kallon da ake yi musu, yana kuma yi musu ciwo, kuma da yawansu suna son karatun boko da za su samu. An gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150 a mulkin Goodluck Jonathan, an fara da ta Gagi a Sakkwato a 2012, da yawa suka lalace ba a yi amfani da su yadda aka tsara ba. A 2020, da annobar korona ta shigo, gwamnoni suka riƙa loda almajirai a manyan motoci kowa na mayar wa maƙwabcinsa. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta, hedikwatarta na nan garin.

Wanda aka gajarce wa yarinta kuma shi ake tsawaita wa samartaka. Majalisar Ɗinkin Duniya na lissafa matashi daga 15 zuwa 24, Tarayyar Afirka a yarjejeniyarta ta 2006 ta kai shi 35, manufar matasa ta Najeriya ta 2009 ta ce 18 zuwa 35, ta 2019 ta dawo da shi 15 zuwa 29. Ba rikicin lissafi ba ne kawai. Iyakar na ja da baya ne saboda abubuwan da ke mayar da saurayi magidanci, wato sana'a da muhalli da aure, sun yi nisa. Alcinda Honwana, 'yar Mozambik, ta yi bincike a ƙasarta da Senegal da Tunisiya da Afirka ta Kudu, ta kira wannan hali zaman jira a littafinta na 2012. Ɗalibin jami'ar gwamnati ya rasa wata tara a yajin aikin malamai na 2020, ya rasa takwas a na 2022, ya fito ya tarar wasu kamfanoni sun sa iyakar shekarun ɗaukar sabon ma'aikaci ƙasa da nasa. Idan ya haura 30 ko bautar ƙasa ba zai yi ba. Kuɗin hayar shekara a cikin gari ya fi ƙarfinsa, sai ya koma Mararaba ko Zuba ya raba ɗaki da abokai. Lefe na jiransa, gandun da uba zai yi masa aure daga cikinsa an raba shi gado ko an sayar. Da gwamnatin Kano ta aurar da ma'aurata 1,800 a rana ɗaya a Oktobar 2023, aikin uba ta karɓa, domin uban ya kasa. Ga magidanci mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu, ana kiransa yaron Alhaji, kuma ya amsa, tunda daga aljihun Alhajin yake ci.

Tarihin ƙasar nan bai san wannan dogon jira ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara wa'azi yana wajen shekara 20. Ɗansa Muhammadu Bello bai wuce 23 ba lokacin hijirar 1804, kuma yana cikin jagororin yaƙi. Masanin tarihi Murray Last ya rubuta cewa jihadin kansa, ta wata fuska, tashin matasa ne a kan dattawan da ke riƙe da mulki, haka ma jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950. Yakubu Gowon ya hau mulki yana 31, Murtala Muhammad, wanda ya sa hannu a dokar kafa wannan birni, yana 36. A 31 ga Mayu 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran da ya rage shekarun takarar shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da na jihohi daga 30 zuwa 25, bayan matasa sun yi ta tattaki zuwa ƙofar majalisa. Nasara ce ta gaske. Sai dai a 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa ya kai naira miliyan 100 a APC, miliyan 40 a PDP. An sauke katangar shekaru, ta kuɗi tana nan, kuma aikin da siyasa ta fi ba matashin talaka har yanzu shi ne liƙa fasta da cika filin taro da riƙe gora.

A ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 18 ba, makaranta ce kaɗai wurin da hukuma ke iya cewa ta ba ɗan talaka irin yarintar da dokarta ta yi masa alkawari. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. A baya UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta yaran da ba sa makaranta a miliyan 10.5, UNESCO a 2022 ta ce sun kai wajen miliyan 20, kuma babban dalilin tazarar shi ne ɗaya ta tsaya a 'yan firamare da ƙaramar sakandare, ɗayar ta ƙirga har zuwa 18. A nan Abuja, malaman firamaren gwamnati na ƙananan hukumomi shida, wato Birni da Kewaye, Bwari, Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji, sun shiga yajin aiki a Maris 2025 saboda ba a biya su sabon mafi ƙarancin albashi da bashin da suke bi ba, ba su koma ba sai a Yuli. Fiye da wata uku azuzuwa na kulle, makarantun kuɗi kuwa ba su rasa ko kwana ɗaya ba. Yaran da aka rufe wa ƙofa ba gida suka zauna ba, kasuwa suka tafi da gona da gareji, kuma wanda ya fara kawo kuɗin cefane da wuya uwarsa ta sake shi ya koma aji. Ya kamata hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja ta buɗe rajistar kowace makaranta, ta gwada sunayen da ke ciki a Maris da waɗanda suka dawo bayan yajin, ta buga adadin, sannan ta bi waɗanda suka ɓace gida-gida tare da masu unguwanni da limamai da fastoci.